Yayata da 'Yan Iskan Yuraniyom

Duk wanda ya tambaye ni aikin da yayata ta yi a rayuwarta, nakan ce masa gadin 'yan iska ta yi har ta yi furfura. Ba sharri nake mata ba. Ita ce da bakinta ta faɗa wa Inna haka, a makon da ta kama aiki a cibiyar binciken nukiliya da ke bayan gari.

Ni tela ne, kuma ni ne autan gidanmu. Ranar ina baranda ina taka keke, Inna na zaune tana tsintar shinkafa, sai ga Yaya ta dawo ta yi jifa da takalmanta, ɗaya gabas ɗaya yamma.

Inna ta ce, "To, wai me suka ba ki ki riƙa yi a can?"

Yaya ta matso kusa da kekena. Ta miƙa hannu ta ɗauki gwangwanin maɓallaina ta juye a ƙasa, ko izini babu. Ta jera manyan baƙaƙe layi-layi, ta cika tsakaninsu da ƙananan farare.

Ta ce, "Inna, man da ake sa wa tashar nukiliya ba ruwa ba ne kamar fetur. Wasu baƙaƙen ƙwayoyi ne masu tauri kamar tangaran, kowace ba ta fi kan ɗan yatsa ba. In kika shiga cikin ƙwayar, kika yi ta shiga har ƙarshen ƙanƙanta, haka za ki tarar da ita. Baƙaƙen nan yuraniyom ne. Shi dattijo ne, mai nauyin jiki, inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi. Fararen nan kuwa iskar oksijin ce, irin wadda muke shaƙa. Kowane dattijo rabonsa biyu."

Ta cire fari ɗaya ta wurga bayan kujera. "Amma su ba sa zama. Wannan ya tafi yawo, ya bar gurbi." Ta ɗebo wasu ta cusa inda babu wuri, har layin ya karkace. "Waɗannan kuma daga waje suka shigo, ba wanda ya gayyace su. In suka yi yawa, zafi ba ya samun hanyar fita da sauri, sai cikin ƙwayar ya ɗau zafi fiye da yadda ake so. Aikina in gano inda 'yan iskan nan suke maƙalewa, da yadda suke zama."

Inna ta ajiye tiren shinkafa. "Kina ganinsu?"

"Da ido? Ba mai ganinsu."

"Ba a ganinsu. Suna shiga inda ba a kira su ba. Suna sa zafin jiki." Inna ta tafa hannu. "Na tura ki makaranta ki zama likita, kin dawo min mai cire aljanu."

Ni kuwa na kwashe sauran yinin ina rarrafe ina tsintar maɓallai. Wannan shi ne rabona da ilimin kimiyya tun muna yara: ita ta watsa, ni in tsince. Tana 'yar firamare ta warware rediyon Baba don ta ga mutumin da ke magana a ciki. Da ba ta same shi ba ta warware agogon bango ko can ya koma. Ni aka tarar riƙe da sukudireba, ni na sha bulala, ita kuwa tana gefe tana ba Baba shawarar ya bi ni a hankali, yaro ne.

Labarin aikinta bai kwana ba ya zaga layinmu, kuma kafin ya kai ƙarshen layi ya yi 'ya'ya da jikoki. Aka ce bom take haɗawa. Aka ce in aka ɗauke wuta jikinta haske yake yi. Wata maƙwabciya ta hana 'ya'yanta karɓar alewa daga hannunta. Yaya ta yi ƙoƙari da farko. Ta nuna musu ɗan bajon da take maƙalawa a riga, wanda ke auna abin da jikinta ya ɗauka. Ta ce irin yuraniyom ɗin da take taɓawa bai taɓa shiga tasha ba, kusan kamar darma yake, abin kiyayewa kawai kar ka ci, kar ka shaƙi ƙurarsa. Ba wanda ya saurare ta. Da ta ga haka sai ta mai da tsoron jari. In ta shiga bas ta tarar ba wurin zama, sai ta ɗaga jakarta ta ce da ƙarfi, "Don Allah a yi hankali da jakar nan, daga wajen yuraniyom nake." Nan take za ka ga kujeru uku sun zama nata. Abin da ke cikin jakar kuwa biredi ne da laima.

Samari ma haka. Wani ma'aikacin banki ya zo zance, ya zauna can nesa kamar mai gaida mai tarin fuka, ya tambaye ta ko gaskiya ne agogon hannu yana tsayawa a kusa da ita. Ta ce agogo ba ya tsayawa, gashin kai ne dai ba ta da tabbas. Mutumin dama sanƙo ya fara cinsa. Bai ƙara dawowa ba.

Wanda ya aure ta, ɓarna ce ta haɗa su. A ɗakin gwajinta akwai wani tanderu da take kira Tsohuwa, inda take gasa ƙwayoyin nan a cikin wata iska ta musamman, don ta ƙara musu oksijin daidai yadda take so, ba ƙari ba ragi. Ta yi watanni tana lallaɓa wasu ƙwayoyi. Sai aka turo wani mai gyaran lantarki ya duba fitilar baranda. Bawan Allah ya buɗe akwatin wuta, ya kashe abin da yake zaton fitila ce, ashe layin da ke tura wa Tsohuwa iskar kariya ne. Iskar waje ta shiga, ƙwayoyin suka sha oksijin har suka ƙoshi, suka kumbura, suka ruguje suka zama gari.

Waɗanda suka ga abin sun ce ta tare shi a kan tsani, ta fara daga kansa, ta bi ta kan wanda ya koya masa aiki, ta gangara kan wanda ya sayar masa da filaya. Shi kuwa yana tsaye a sama, ya riƙe ƙwan fitila, yana sauraro kamar ana karanta masa labarai. Da ta tsaya jan numfashi sai ya ce, "Kin gama? Don Allah ki ɗan ƙara. An sha zagina, amma ban taɓa jin zagi mai tsari irin wannan ba, da gabatarwa da kammalawa."

Shi ne Mai Waya, surukinmu. Har yau in baƙi suka tambaye shi yadda suka haɗu yakan ce shi ne mutum na farko da ya taimaka wa bincikenta, don shi ya nuna mata abin da bai kamata a yi ba.

Ni sau ɗaya na shiga ɗakin gwajin nan, shi ma don aljihu. Yaya ta yi ta rigima cewa fararen rigunan aikin da ake ba su wanda ya ɗinka su bai taɓa ganin mace mai kaya ba, aljihun ko biro biyu ba ya ci. Ta matsa har aka kira ni in auna su in sake musu. Aka sa min leda a takalmi, aka maƙala min bajo, aka ce ba ci, ba sha, ba taunar cingam, ba sosa ido. Jin haka idona ya fara ƙaiƙayi.

Na zaci zan ga abin tsoro. Ɗaki ne kawai mai farin fenti da ƙarar na'ura kamar ta firji. Tukwanen iska dogaye a jingine da bango an ɗaure su da sarƙa kamar za su gudu. Ga wani akwatin gilashi babba, baƙaƙen safofin hannu na roba sun leƙo daga jikinsa sun miƙe, sai ka ce yana neman a rungume shi. Ta nan take zura hannu ta yi aiki ba tare da ta taɓa komai ba. Ga sikeli a cikin gidansa na gilashi, wanda in ka yi atishawa a baranda sai ya nuna. Ga Tsohuwa a lungu, fentinta ya ƙone, an rubuta a jikinta da maka: KAR KA TAƁA, KO DA KAI MIJINA NE. A bakin ƙofa kuma wata na'ura da za ka ba ta tafin hannu da tafin ƙafa ta shinshina kafin a bar ka ka fita.

Ta nuna min ƙwaya ɗaya ta cikin gilashi. Na ce, "Wannan ɗan abin? Ai na zaci magogin fensir ne da ya yi datti."

"Kai ma haka aka zata da aka haife ka," in ji ta.

A nan na fara ganin Dogo, abokin aikinta. Sunan tsokana ne, don mutumin da kaɗan ya fi teburin awona. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, don shi bai taɓa riƙe yuraniyom ba, aikinsa a kwamfuta yake. Yakan gina ƙwayar a cikin lissafi, ya zuba mata oksijin na ƙarya, ya bar kwamfuta ta gaya masa inda za su zauna.

Ya ce, "Mai Tuya, yau me kika ƙona?"

Ta ce, "Mai Duba, yau me allonka ya gaya maka? Za a yi ruwa?"

Daga baya na gane mafarin rigimar, gwargwadon ganewar tela. Ita Yaya ta ce in oksijin suka kutsa cikin ƙwayar, taruwa suke su yi gungu babba, su tura na gida gefe su kafa daba. Shi Dogo ya ce kwamfutarsa ta nuna biyu-biyu suke zama, kowane da abokinsa, a warwatse. Shi ke nan. Wannan ita ce maganar da manya biyu masu iyali suka yi shekaru suna yi wa juna kallon hadarin kaji a kanta.

Na taɓa tambayarta, in gungu ne ko biyu-biyu, wa zai rasa barci? Ta dube ni kamar na yi tusa a taro. Ta ce yadda suke zama shi ke nuna yadda suke tafiya, yadda suke tafiya shi ke nuna yadda ƙwayar za ta tsufa a cikin tasha, da yadda za ta kasance in an gama da ita an ajiye ta shekaru aru-aru. Ta ce masu gina tasha sun bar rata mai faɗi don abin da ba a sani ba, su kuma aikinsu su rage rashin sanin. Sannan ta ce, "Ban da haka ma, Auta, ba zan mutu in bar gajeren nan da gaskiya ba." Ina jin wannan ne babban dalilin.

Rigimar ta shiga ko'ina. Oga, shugaban sashensu, wani mai sanyin hali da ciwon olsa, ya raba musu kujeru a ɗakin taro, ya sa tukunyar fulawa a tsakani. In ɗaya ya shiga lifta ɗayan sai ya bi matakala. 'Ya'yan Yaya sun tashi suna zaton Dogo zagi ne. Na taɓa jin ƙaramar ta ce wa yayanta da ya ƙi ba ta ƙwallo, "Kai dai Dogo ne kawai." Amma wani abu da na lura, duk takardar da Dogo ya fitar, Yaya ce ke fara karantawa, da jan biro, har abinci ya huce. Na kuma ji cewa shi ma haka yake yi da tata. Ban san wani mahaluki da ya karanta su biyun da irin wannan himma ba.

Tana cikin shekarunta na hamsin dama ta samu. A wata ƙasa akwai wata ƙatuwar na'ura, girmanta ya kai unguwa, da ke harba wasu ƙananan abubuwa da suke kira nutiron. In suka ratsa ƙwayar suka fito, daga yadda suka watse ake gane inda oksijin suke zaune. Layin masu jira dogo ne, amma aka ba Yaya 'yan kwanaki. Ta koma gaban Tsohuwa ta gasa ƙwayoyin da ta ce ba ta taɓa yin masu kyansu ba. Mai Waya kuwa an hana shi ko wucewa ta titin cibiyar.

Kafin ta tafi ta zo shagona da wani yadi ja mai ratsin ruwan gwal, irin wanda in ka kalle shi da rana sai ka runtse ido.

Ta ce, "Ka ɗinka min rigar cin nasara. Da ita zan tsaya a gaban taro in binne Dogo. Ka yi mata hannu mai faɗi, don in na nuna shi da yatsa kowa ya gani."

Na ce, "Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya, amma kuma ba a ɗinka rigar suna kafin a haihu."

"Ka ɗinka, ko in kai wa tela na gaske."

Ta tafi, ta dawo da tsarabar cakulan da mura. Ta shige ofis makonni tana tace abin da na'urar ta ba ta. Sannan sai muka ji shiru. Yaya da shiru kuwa ba su taɓa zama a inuwa ɗaya ba.

Mai Waya ne ya zo ya kira ni. Na tarar da ita kwance a doguwar kujerar falo da rana tsaka, da zanen gado a ka, tana kallon 'yan kokawa a talabijin ba murya. Inna, wadda tsufa ya kama har ta koma gidansu da zama, ta ja ni gefe ta ce, "Ban faɗa ba? Shekara da shekaru tana tsokanarsu. Ga shi sun kama ta."

Na zauna a hannun kujera. Na ce, "Yaya, lafiya?"

Daga ƙarƙashin zane ta ce, "Biyu-biyu."

"Na'am?"

"Biyu-biyu suke zaune, Auta. A cikin ƙwayoyina. Waɗanda na gasa da hannuna. Na juya lissafin ta gaba, na juya ta baya, na yi masa magiya. Munafukan sun bi bayan Dogo."

Mai Waya ya yi gyaran murya. Mutum ne mai son matarsa, kuma soyayya takan sa mutum ya yi maganar banza. Ya ce, "To wa ya sani ban da ke? Ba kin ce akwai awo ɗaya da ya ɗan karkata wajenki ba? Ki nuna wannan, sauran ki ce na'urar ce ta yi tari."

Ta yaye zanen a hankali. Na ga idonta ya kumbura, abin da ban taɓa gani ba ko ranar rasuwar Baba, don ranar ita ce ke ba kowa umarni. Ta dube shi ta ce, "Ka taɓa mai da min aikin watanni gari, na yafe maka har na aure ka. In ka sake faɗin wannan, wannan karon ba aure za a yi ba." Ta juyo kaina. "Rigar ta kammalu?"

Na ce ta kammalu, amma ai yanzu sai a ajiye ta.

"A ajiye ta don me? Ka ɓata min yadi a banza?"

Ranar taron zif ɗin rigar ya maƙale, dole na bi ta har cibiyar da allura a baki, na gyara mata a baranda. Tunda na riga na shigo, na lallaɓa na zauna a kujerar baya. Ɗakin ya cika, don kowa ya ji yau za a yi ta ta ƙare. Yaya ta hau gaba cikin jar rigar nan tana walƙiya kamar motar kashe gobara. Dogo na layin farko, ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa sosai.

Ta nuna zane-zanenta ɗaya bayan ɗaya, wasu layuka masu hawa da sauka da ban gane komai a ciki ba. Ba ta ɓoye ko ɗaya ba, har wanda ya karkata wajenta ta nuna, ta kuma faɗi dalilin da ya sa ba za a dogara da shi ba. Sannan ta ɗaga hannun nan mai faɗi ta nuna Dogo.

Ta ce, "Shekaru ina gaya muku mutumin nan bai san komai ba, kuma har yanzu ina kan bakana. Amma makaho ya yi jifa ya sami tsuntsu. A ƙwayoyin nan dai biyu-biyu suke. Ni ce na yi kuskure. Ku tafa masa, ni hannuna yana ciwo."

Aka fara tafi. Oga har ya fara murmushi, irin na wanda ya hango ranar da zai daina shan maganin olsa. Sai Dogo ya diro daga kujera ya ɗaga hannu.

"Ban yarda ba."

Tafin ya mutu.

Ya ce, cikin in-ina, an kawo musu sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, ya sake lissafin da ƙwaya mafi girma, kuma tun watan jiya ya ga cewa gungu ya fi zama daram. Lissafinsa na da ne ya yi ƙanƙanta. Kunya ce ta hana shi faɗa, yana jira ta kawo hujjarta ya miƙa wuya cikin mutunci. Ya ce, "Ke ce da gaskiya tun farko. Awonki na yanzu ne ke da matsala."

Yaya ta yi tsaye baki buɗe. Sannan ta ce, "Awona? Awona ne ke da matsala? Kai da ko kwalbar gishiri ba ka taɓa aunawa ba?"

"Gungu ne!"

"Biyu-biyu ne, ɗan duba kawai! Ni na gani!"

Oga ya kifa kansa a kan tebur. Ni dai dariya ta ci ƙarfina har wani mai gadi ya raka ni waje.

Haka suka yi musanyar gona, kowa ya koma yana nome ta abokin gabarsa, da ƙarfin da ya fi na da. Yaya ta kare tsohuwar maganar Dogo fiye da yadda shi ya taɓa kare ta, shi ma haka. A wannan tsakanin Inna ta rasu. Ana saura 'yan kwanaki ta kama hannun Yaya ta ce, "Har yanzu ba ki kama su ba?" Yaya ta ce, "Ban kama su ba, Inna, amma na san unguwarsu." Inna ta ce to ta dai riƙa addu'a kafin ta shiga.

Ana gab da su yi ritaya Dogo ya faɗi a ofis. Shanyewar ɓarin jiki. Ya rayu, amma hannun dama ya tafi, magana kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Yaya ta yi mako tana cewa ba ruwanta. Ran nan sai ta ce in kai ta gidansa a motata, wai hanya ce ta biyo da ita, alhali gidan yana ƙarshen gari.

Matar Dogo ta buɗe ƙofa, ta ga ko wace ce, ta tare hanya da jikinta. Ta ce, "Baiwar Allah, in ƙarasa shi kika zo yi, ki bari ya ɗan ji sauƙi."

Muka same shi a kujera kusa da taga, an rufa masa tawul a gwiwa, ya ƙara ƙanƙancewa. Matar ta ce likita ya ce a riƙa jansa da hira, sun yi iya yinsu, jikoki sun yi masa waƙa, ko uffan. Yaya ta gaishe shi da wata murya mai laushi da ban san tana da ita ba. Ya kalli bango. Ta yi masa addu'a. Ya kalli bango. Ta koma murza bakin mayafinta.

Can sai ta gyara zama ta ce, "Af, na manta ban gaya maka ba. Na duba lissafin nan naka na gungu. Ashe tun layin farko ka manta da zafi. A sanyin ƙanƙara ka yi komai. Ɗan aji ɗaya ma ba zai yi haka ba."

Idon Dogo ya juyo. Leɓensa ya fara rawa. Wuyansa ya kumbura, hannun hagu ya damƙi tawul. Matar ta yunƙura za ta kore mu. Sai muka ji, a karkace amma sarai:

"Ƙarya!"

Matar ta zube ƙasa tana kuka tana hamdala. Yaya ta juya tana kallon taga, ta daɗe a haka, sannan ta ce wai ƙura ce ta shigar mata ido, gidan ba a shara.

Daga ranar ta mai da shi aiki. Duk bayan kwana biyu sai na kai ta, ta zauna ta yi ta ɓata masa lissafi da gangan, shi kuma yana ƙwato kalmomi ɗaya bayan ɗaya don ya rama. Bayan "ƙarya" ya samo "jahila". Sunan matarsa sai a wata na biyu ya dawo, abin da matar ba ta yafe masa ba har yau.

Bara, bayan duk sun bar aiki, wata sabuwar dakta da ta gaji ɗakin gwajin Yaya ta aiko cewa tana son ganinsu tare. Ta zo gidan Dogo da yamma da kwamfutarta a hammata, mace siririya mai tabarau, ba ta kai shekarun 'yar Yaya ta fari ba. Ta zauna ta nuna musu aikinta. A nata awon, in ji ta, duka biyun suna faruwa: in kutsen kaɗan ne kuma da zafi sosai, sai su warwatse biyu-biyu, in sun yi yawa kuma aka bar ƙwayar ta huce a hankali, sai su taru. Ƙwayoyin da Yaya ta kai waje an sanyaya su da sauri, shi kuma Dogo lissafinsa bai san zafi ba.

Tsofaffin nan suka dubi juna. Karo na farko a tarihi suka haɗa kai, suka far mata. Yaya ta tambayi yadda ta auna oksijin ɗin, da wane sikeli, wa ya duba sikelin. Dogo yana buga hannun kujera yana jefo kalmominsa ɗai-ɗai kamar duwatsu. Na tausaya wa baiwar Allah, na ce yanzu za ta fashe da kuka. Ta amsa na amsawa, wanda ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Da abin ya ishe ta sai ta rufe kwamfutar ta cire tabarau.

Ta ce, "Mama, Baba, da girmanku. Kun shekara talatin kuna faɗa, ɗaya na riƙe da kan akuya ɗaya na riƙe da wutsiya, kowa na rantsuwa dabbarsa daban. Da kun taɓa shiga lifta ɗaya kun yi magana, da tun ina firamare aka gama wannan aikin, da ni ma na karanci wani abu mai amfani."

Matar Dogo ta tsaya da tiren shayi a hannu. Dogo ya buɗe baki, kalmar ba ta zo ba, sai wata dariya ta kuɓuce masa ta gefen bakin da ke aiki.

Yaya ba ta yi dariya ba. Ta tashi ta yafa mayafi, ta ce wa daktar awo na uku bai gamsar da ita ba, ta sake shi, ta kuma kawo mata gida ta gani da idonta. Muka shiga mota, muka tafi har muka wuce gidan mai. Sannan ta ja tsaki.

"Yarinyar nan ba ta da kunya ko ta sisin kwabo," in ji ta. "Za ta yi nisa. Kai kuma ka taka motar nan, tafiya kake kamar kana ɗinkin hannu."